Hanta ko Sitiyari

"Hantarka ta fara taɓuwa, Malam," in ji likita, yana duban sakamakon gwajin jini. "Dole ka daina shan ƙwayar nan."

Shekara biyu ke nan da likitan ya rubuta masa ita, saboda ciwon barcin da ke sace shi ko da rana tsaka. Da ƙarfinta yake tuƙa motar haya tsakanin Wudil da Kano.

"Likita, in na ci gaba fa?"

"Ba na jin za ka aurar da 'ya'yanka."

Sati guda yana juya maganar. Ran Asabar ya miƙa wa ƙaninsa makulli, ya koma kujerar fasinja. Kafin su haye gada barci ya kwashe shi, fasinjoji suna ta dariyar munsharinsa.