Ranar da Baffa Ya Sa

To, Sabi'u, tunda ka ce kai ma irin kalandar nan za ka haɗa wa danginku, kife wayar tukuna in ba ka wani misali. Ban ce aikin banza ba ne, ni ma tawa ce ke tuna mini ranar ganin likita. Amma dai ka saurara.

An yi wani mai gyaran kwamfuta a birni, danginsu Allah ya yi yawa da su, wasu a Zariya, wasu a Jos, wasu har Legas. Kullum cikin ƙorafi ake: an yi suna ba a gaya wa wane ba, an ɗaga biki wance ta sha hanya a banza. Sai ya zauna ya gina musu shafi a intanet, ya sa kalanda a ciki. Ka danna adireshin sau ɗaya, shi ke nan, ta shige wayarka ta zauna. Ya rubuta taro a nan, ya fito a can. A ɗaga rana, ta ɗaga kanta a wayar kowa, ba sai an kira mutum ba. Wallahi abin ya yi kyau, dangi suka yi ta sa masa albarka. Har baffansa na ƙauye, ƙanin mahaifinsa da ya riƙe shi tun yana maraya, shi ma aka sa masa a tasa wayar. To, daga nan fa ƙafar mutumin ta fara nauyi. Da can in abu ya taso babur yake hawa ya bi gida-gida, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a taɓa hira. Yanzu daga kan kujera yake sallamar kowa.

Ana nan sai auren 'yarsa ta fari ya taso. Baffa ne waliyyi, haka gidansu yake tun kakanni. Shi ya karɓi masu neman auren a zaurensa, shi ya sa rana da bakinsa, ya ce sai bayan an kai amfanin gona gida. Daga baya dangin ango suka roƙi a matso da ita, wai hutun yaron ba zai kai ba. Uban yarinya ya amsa musu a waya, ya buɗe shafinsa ya gyara. Matarsa ta ce ya sayi goro ya je ƙauye ya faɗa wa tsoho. Ya ce zai je. Ga fentin gida, ga baƙi, ga kanti ba mai tsaro, yau gobe, yau gobe. Da ya duba ya ga sabuwar ranar ta fito a wayar kowa, sai hankalinsa ya kwanta, wai ai baffa ma ya gani. Kai, ɗan Adam!

Ranar ɗaurin aure masallaci ya cika maƙil, ko mutum ɗaya bai yi kuskuren rana ba. Liman ya ce ina waliyyi, aka waiga babu shi. Aka kira wayarsa, tana shiga, ba a ɗauka ba. Rana ta take, mutanen nesa suna son kama hanya, wani ya ce ai uba ma yana iya bayarwa. Ya ba da 'yarsa da kansa, aka shafa fatiha, aka watse. Bayan la'asar ya hau babur ya nufi ƙauye, yana tunanin ko ciwo ne ya kwantar da tsoho. Ina! Ya tarar da shi zaune a zaure cikin babbar rigarsa ta sallah, ya kafa hula, takalma a gabansa. Ashe tun hantsi yake nan a shirye. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, ba ka ga an canza rana ba?" Tsoho ya ce, "Na gani. Ranar da na sa da bakina, ina kallo aka share ta. Na zauna ne ko za a zo a ce mini in taso." Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya sa wa amarya albarka, ya shiga gida ya tuɓe rigar.

Mutumin nan ya yi ta sintiri bayan haka, ya tura manya, ya ba da haƙuri har da hawaye. Tsoho ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe ɗin. Amma bai sake sa baki a al'amarin gidan ba. In an nemi shawararsa sai ya ce duk yadda kuka yi daidai ne. Damina ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abinsa. Ni dai duk sanda na tuna tsohon nan zaune cikin rigarsa yana sauraren ƙarar babur, sai zuciyata ta karye, don ba labari ya rasa ba, mutum ya rasa.

Haɗa kalandarka, Sabi'u, Allah ya ba da sa'a. Amma akwai ƙofofin da sai ka je ka yi sallama da kanka. Ba a banza Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take ba.