Wa Zai Karanta Maka?

Da hantsi, a inuwar dandalin gidan matasa na Magarya, Hinda ta zauna rungume da kaye, littafin da take rubuta wasannin kwaikwayonta a ciki. Rabilu, gwanin 'yan wasan ƙungiyar, bai yi lakwal ba, bai taɓa shiga boko ba. Shekara biyu ke nan tana karanta masa maganganunsa, shi kuwa yana haddacewa da kunne.

Yau ba ta buɗe kayen ba.

"An zaɓi wasana," ta ce. "Ƙungiya za ta tura ni Damagaram horon marubuta, wata shida. Ban amsa ba tukuna."

"Me ya hana?"

Ta dubi ƙasa. "Wa zai karanta maka?"

Rabilu ya zaro wata yamutsattsiyar takarda daga aljihu. Ashe wata huɗu ya yi yana zuwa ajin manya a ɓoye. Ya bi rubutunsa da yatsa, yana karantawa: "Hinda, ki je. Ranar Juma'a Baffana zai je Bande, neman aurenki wajen Baba."

Ta ja mayafi ta rufe murmushinta.

"Sake karantawa, Malam Rabilu, a hankali. Yau ni ce mai haddacewa."