Ƙwaryar Inna Hajo

Har yau ƙamshin gahawa da citta yana mayar da ni rumfar kakata Inna Hajo, a ƙauyenmu kusa da garin Suki, can gabas a ƙasar masu jin Larabci, wata la'asar bayan mun dawo daga tsinkar auduga.

Ni waƙoƙin Larabci na rediyo nake so. Ita kuwa ba ta yarda da wata waƙa ba sai ta kiɗan ƙwarya, wadda iyayenta suka taho da ita daga Sakkwato. Kullum kukanta ɗaya ne, wai in ta mutu waƙoƙin za su bi ta kabari. Shi ya sa ba na rera nawa a gabanta.

Ranar na shagala da wankin finjalai, sai wata waƙar rediyo ta kuɓuce mini. Da na ga ta zuba mini ido, na yi tsit.

Ta ce, "Mi ya tsai da ke? Ci gaba, jikalle."

Ta kife ƙwarya a bahon ruwa, ta fara bugawa da ludayi. Na ci gaba da rerawa. Kiɗanta ya shige ƙarƙashin Larabcina ya zauna daram.

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Wagga ai tamu ce, zane kawai ta sake! To, na ji taki. Zauna ki ɗauki tawa."

Yau jikata Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Amma jiya da na ɗauko waƙar Inna Hajo, ajiye wayarta ta yi, ta je ta kawo ƙwarya.