Baba a Ƙarƙashin Gada

Warin baƙin mai ne ya dawo min da ranar. Ina 'yar shekara tara Baba ya yi gada a kan kwazazzabon da ya raba gonarmu da hanya, can wajen Maraɗi. Itacen giginya huɗu ya jera, ya shafe su da baƙin mai saboda gara.

Da la'asar mai tarakta ya iso, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Malam, wannan ko jaki sai da addu'a."

Baba ya miƙa min hularsa, ya sauka ya zauna a ƙarƙashin gadar.

"Hau. In ta karye, ni za ta fara samu."

Itacen ya yi ƙara, ƙasa tana zubo masa a ka. Na cusa hular a bakina. Taraktar ta haye, kowa ya yi dariya ban da ni.

Ɗazu a garejin da mijina ke aiki a unguwar Sulay, nan Riyad, jak ɗin ɗaga mota ya zame, motar ta faɗo daidai inda mijin nawa ya tashi daga ƙarƙashinta. Yana dariya ya ba ni labari. Rigarsa na hannuna har yanzu, na kasa sa ta a ruwa. Gobe zai koma.