Sunan da Iya Fatu Ba Ta Kira

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, ko da mai nauyi ce.

A Kamarawa an yi wata Jamilatu, wadda ta yi jinyar Iya Fatu, matar baffanta, tun daga ranar da aka cire mata nono a Sakkwato har ciwon ya kame. Ita ke wanke wurin, ita ke dama mata fura. Amma matar nan ba ta taɓa kiran sunanta ba. Sai dai "ke waccan", idonta a ƙasa. Jamilatu ta ɗauka ƙiyayya ce. Takan kai ƙara wurin mahaifiyarta, Inna Halimat, wadda Jamilatu kaɗai ce 'ya gare ta, ita kuwa sai ta ce, "Yi haƙuri, koma."

Da suka koma asibiti, likita ya ce gwajin jini ya nuna ciwon dajin Iya Fatu na gado ne. Yana iya ɓullowa a ɗaya nonon, ko a cikin mara.

"Duk 'ya macen da kika haifa, a kawo ta mu gwada," in ji shi.

Tausayi ya kama Jamilatu, domin Sadiƙa da Radiyya, 'ya'yan Iya Fatu, ƙannenta ne na wasa da cin tuwo. Amma can cikin zuciyarta ta yi hamdala. Ta shafa jaririyarta da ke goye a bayanta. Aure ne ya haɗa su da wannan jinin, ba haihuwa ba.

Ranar kasuwar garin Isa, Jamilatu ta rako su tasha za su gwajin. 'Yan matan suka shiga, Iya Fatu ta kafe a ƙofar mota.

"Hajiya, ko za ki ko ba za ki ba?" in ji direba. "Rana na yi!"

"Iya, ki shiga," Jamilatu ta ce. "Ga ɗiyanki nan duka biyu. Ni za ni gida."

Iya Fatu ta dubi Inna Halimat, wadda ta biyo su babu gayyata. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sai Iya Fatu ta ɗago kai, ta dubi Jamilatu ido cikin ido, ta dubi goyon.

"Jamilatu," ta ce, "shiga mota. Ke na fara haifa."

Ƙurunƙus, nan kan kusu ya tsaya.