Jerin Masu Rauni

Wendell Prokop ya matso da makirufo ya karanta sunayen, kamar yadda ya saba kowace Litinin. Tavares, gwiwa. Odom, kafaɗa. Lindqvist, tsokar cinya. A ƙungiyarsa ta ƙwallon Amurka, cikin mutum biyar da ake jefa wa ƙwallo su cafe, uku suna jinya.

Wata 'yar jarida ta ɗaga hannu. "Koci, wasa bakwai ke nan. Bara duk ƙasar nan babu ƙungiyar da ta kai ku iya jifa, bana ku ne kurar baya. Duk raunin ne ya jawo?"

"Ki cire wa motarki taya uku, ki ga inda za ta kai ki," in ji Wendell.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Shi kam ruwa ya kurɓa, ya tattara takardunsa.

Shekara goma sha tara ke nan yana riƙe da dabarun jifa na ƙungiyar Toledo: wa zai ruga ta ina, wa zai yaudari mai tsaro, a taku na nawa ƙwallo za ta bar hannu. A garin har wani gidan abinci ya raɗa wa gasasshen nama sunansa. Bai taɓa tsara komai a ofis ba. Yakan kwashi hotunan wasan abokan karawa ya tafi gida, washegari ya dawo da zanen sabbin dabaru a shirye, tsaf, ba gyara ba gogewa. Mataimakansa sun daɗe da daina tambayarsa yadda yake yi.

Bana kuwa zanen bara yake kawowa, ya sauya musu suna kawai. Abokan karawa sun riga sun haddace su. A wasan jiya, Colt Marek, mai jefa ƙwallon ƙungiyar, sau uku yana jefa ta hannun maƙiya, jama'a suna yi masa ihu. Ya dawo bakin fili ya cire hular kwano, fuskarsa sharkaf da gumi.

"Koci, sun san inda zan jefa tun kafin ni in sani. Ba ka da wani sabo?"

Wendell ya ƙura wa katin da ke hannunsa ido har aka busa usur.

Yana fitowa daga wurin 'yan jarida aka ce manaja na nemansa. Manajan, Halvorsen, bai ma ce ya zauna ba.

"Na sallami Curtis," in ji shi.

Curtis Ybarra shi ne mai kula da lafiyar 'yan wasa. Shekara ashirin da biyu yana ɗaure idon sawu, yana gasa tsoka, ya san sunan 'ya'yan kowa.

"Curtis kuma? Me ya yi?"

"Kai ka yi ta nanata wa duniya cewa rauni ne. To, in rauni ne, mai kula da jikinsu shi zai amsa. Masu ƙungiya suna son su ga an taɓa wani." Halvorsen ya zare tabarau ya dube shi. "Sai dai in akwai abin da ban sani ba. Akwai, Wendell?"

Wendell ya kau da ido. Ya dubi kofunan da aka jera a bayan manajan, guda biyu, kowanne da hoton Wendell a gefe yana murmushi.

"Babu," ya ce.

A baranda ya ci karo da Curtis rungume da kwali. Ya so ya kauce, hanya ta ƙi.

"Haba Koci, saki fuskarka," in ji Curtis. Ya ajiye kwalin ya dafa kafaɗarsa. "Da na riƙe maka yaran nan lafiya, da yanzu wani zance ake. Kai ka yi naka, ni ne na gaza. Asibiti za ka?"

"E."

"Ka gaishe min da mai jiki. Kullum muna sa ku a addu'a, ni da matata Pilar."

Wendell bai iya ɗaga kai ba. Takalman Curtis yake kallo har suka ɓace a kwana.

Da azahar ya isa asibitin. A hawa na biyu aka kwantar da Tavares bayan aikin gwiwa. Wendell ya wuce ƙofarsa bai ko leƙa ba. Ya hau har na biyar.

"Yau da sauƙi," in ji ma'aikaciyar jinyar da ke bakin ɗakin. "Amma hannun dama har yanzu shiru, bakin ma haka. Sai haƙuri."

Ya shiga ya ja kujera kusa da gado.

"An kori Curtis," ya ce daga baya, murya can ƙasa. "An tambaye ni, na ce babu. Ko a yau ɗin ma na kasa faɗa."

Ya zaro farar takarda daga aljihu ya shimfiɗa a kan bargo. Ya saka fensir tsakanin yatsun hannun da ya shanye, ya matse su da nasa. Yana saki, fensirin ya gangara ƙasa.

Lorraine ta dube shi da idon da ba ya ɗauke da zargi, abin da ya fi ƙona shi ke nan. Tun ranar da ɓarin jikinta ya shanye a watan Agusta ƙungiyar ba ta sake samun sabuwar dabara ba, domin duk zanen da aka yi shekara goma sha tara ana yabon Wendell a kansa, matarsa Lorraine ce ta zana shi a teburin kicin.