Binnen Gwauruwa

Auta, tun ranar da ka yi mini waya ka ce in na ce ka dawo za ka dawo, ban ci abincin kirki ba. Ka ce a ƙauyen da aka tura ka aikin bishara, ran Lahadi sai ka buga ƙarfe ka zauna jira, daga kai sai benci da akuyar maƙwabta. Na so in ce maka, taho gobe. Maganar ta zo har bakina. Ɗakinka yana nan ina share shi, kuma har yau in na tuƙa tuwo sai hannuna ya kwashe malmala ɗaya fiye da mutanen gidan. Ni dai karatuna bai yi nisa ba, ka sani. Amma bari in ba ka wani misali, in ya so ka auna shi da kanka.

Akwai wata mata da mijinta ya rasu, ya bar mata gona da ƙwarya ɗaya ta irin gero. A shekarar ruwa ya yi jinkiri, rumbunta kuwa ya ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Sai mutanen garin suka fara binne, wato a sa iri a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta ce komai ba, a rufe, a jira ruwan fari ya zo ya tarar da shi. Maƙwabciyarta ta gan ta da ƙwaryar, ta ce, "Ke da ba ki da na yau, za ki zuba na gobe a cikin toka? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Daka abinki ki sha kunu." Matar ta daɗe tana duban geron, ga yunwa, ga shi kuma shi ne abu na ƙarshe da hannun mijinta ya taɓa. Ta durƙusa ta ce, "Ya Ubangiji, ba ni da wani bayan wannan." Ta ɗauki sungumi ta nufi gona, tana sara, tana jefawa, tana dannewa da dunduniya, har ta kai ƙarshen gonar. Ta dawo gida ta kife ƙwaryar, babu ko ƙwaya.

Daga nan jira ya fara, kuma jiran ya fi shukar wuya. Hadari ya taso ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi. Kullum da safe sai ta je gonar ta tsaya, ba ta ganin komai sai jar ƙasa da sawun ƙadangaru. Zuciyarta ta ce mata tururuwa sun kwashe. Sai ta tsuguna a layin da ke bakin hanya, ta sa yatsa ta tone rami ɗaya. Ga gero nan kwance lafiya lau. Ta yi ajiyar zuciya, ta mai da ƙasa ta rufe. Washegari shakkar ta koma rami na gaba, ta tone shi ma. Haka ta yi ta bin layin nan, yau ɗaya gobe ɗaya, ba don mugunta ba, don dai ta gan shi hankalinta ya kwanta. Abin da ba ta lura da shi ba, rufin hannu ba kamar dannin dunduniya ba ne. Tana juya baya zabi suke fitowa daga ciyawa, su bi inda ƙasa ta yi laushi, su tsince. Ran nan da yamma, tana cikin sussukar tsohon ƙaiƙayi ko za ta sami na kunu, sai ta ji ƙamshin ƙasa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da ta koma gonar bayan 'yan kwanaki, ko'ina ya yi kore shar, tsiro ya fito layi-layi har inda idonta ya tsaya. Layi ɗaya ne kawai ya zauna fayau, wanda ta fi kula da shi. Da kaka ta cika rumbunta, kuma duk abin da ta girba daga ramukan da ta bar wa Allah ne.

Auta, zuciyata irin ta matar nan ce, yatsana har ƙaiƙayi yake yi. Amma ranar da aka ɗora maka hannu a majami'a na ce amin da bakina, ranar na danne ka da dunduniya. Ba zan tone ka don in ga fuskarka ba. Kai ma kada ka tone abin da ka shuka don ba ka ga tsiro ba. Ka ci gaba da buga ƙarfenka, ka je musu gaisuwar rasuwa da barkar haihuwa, ka taya su noma. Ban san ranar da ruwa zai sauko ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Wanda ya aike ka ya sani.

Ka riƙa cin abinci, ka shiga gidan sauro, in jikinka ya yi zafi kada ka ɓoye mini. Muna ambaton sunanka a zumuntar mata duk mako. Malmalar nan kuwa zan ci gaba da kwashe ta, hannuna ya riga ya saba. Ka zauna, ɗana. Ni ma zan zauna. Mutanen da can suka ce, mahaƙurci mawadaci.